Gumin Kwana na Bakwai

Lokacin da nake karatu a Villeurbanne, gefen Lyon, aikina tsoffin littattafan likitocin Larabawa ne. Ni ba likita ba ne, ɗalibin tarihi ne, amma kaina ya kumbura. Mutanen nan sun burge ni. Sai su zauna kusa da majinyaci, su taɓa jijiyar hannunsa, su duba fitsarinsa a kwalba, su rubuta abin da suka gani kowace rana. Duk wata nakan hau jirgin ƙasa zuwa Paris in kwafi wani rubutun hannu a babban ɗakin karatu, in sauka wurin yayana mai sayar da atamfa a unguwar Château Rouge.

Wani zuwa na tarar da Yaya kwance. Bai daɗe da dawowa daga Damagaram ba, zazzaɓi ya kayar da shi. A ranar kuwa na kwafo labarin wani majinyaci mai ciwo irin nasa sak: rawar sanyi, ciwon kai, fitsari ja. Likitan ya ba shi ruwan sha'ir, ya jira kwana na bakwai, ranar da suke cewa jiki na raba gardama da cuta. Ranar ta zo, majinyacin ya yi gumi sharkaf. Nan shafin ya ƙare, nan kuma aka tashe mu za a rufe ɗakin.

Hajiya maƙwabciyarsa, mai kawo mana kunu, ta dube shi ta ce, "Malam, ku kai shi lopital wurin likita mana. Wannan palu ne, zazzaɓin sauro."

Yaya ya ce, "Bar shi, Hajiya. Ƙanena littafin manya ya karanta."

Na ji daɗin maganar nan, Allah Ya yafe mini. Na sayo sha'ir da littafin rubutu, na zauna ina ƙirga kwanaki kamar wani gwani. Ranar bakwai da hantsi ya jiƙe da gumi har zanin gado. Na yi hamdala, har na je na yi wa Hajiya albishir. Kafin la'asar ya daina gane ni.

A asibiti likitar ta tambayi tun yaushe yake haka. Na miƙa mata littafina, na fassara mata. Ta ce komai na rubuta daidai, amma da a kwana na uku na kawo shi, da an ceto shi. Washegari ya cika.

Sai bayan arba'in na iya komawa ɗakin karatun. Na karɓi rubutun, na juya shafin. Layi biyu ne kacal suka rage. Likitan ya bayyana cewa gumin mai sanyi ne, ba na samun sauƙi ba, kuma majinyacin ya rasu a kwana na takwas.

Na daɗe zaune a wurin. Mutumin nan bai ɓoye mini komai ba, tun ɗaruruwan shekaru ya rubuta ya ajiye. Ni ne ban juya takardar ba.