Itatuwan ɗorawar da Gwaggo Tambai ta aurar

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Tambai, yayar mahaifina, wadda duk wanda ya taɓa cin miyar kuka a Kurfi ya san hannunta ko da bai san fuskarta ba. Sana'arta daddawa. Allah ya jiƙanta da rahama. Duk shekara idan lokacin nan ya zagayo nakan ɗauki alƙalami in rubuta wani abu a kanta, sai in ga ba ni da abin faɗi da ya wuce addu'a. Bana kam ina da labari, kuma tun da na same shi nake murmushi ni kaɗai a kan hanya, har maƙwabcina a Dutsin-Ma ya tsayar da ni yana tambaya ko ƙarin albashi aka yi wa malaman makaranta bai ji ba.

Wanda bai taso kusa da gidan masu daddawa ba, ba zai san wahalar da ke cikin ɗan baƙin curin nan da ake jefawa a miya ba. Daga kalwa ake yin ta, wato ƙwayar 'ya'yan ɗorawa. A dafa ta wuni guda, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta a bar ta ta nuna, sannan a kirɓa a shanya. Gidan Gwaggo ba ya rabuwa da hayaƙi da ƙarar taɓarya da surutun matan da ke taya ta aiki. Warin kuwa, mu 'ya'yan dangi mun daɗe da daina jin sa. Baƙo ne ke toshe hanci, ita kuma ta dube shi ta ce ya saki hancinsa, ai anjima da bakinsa zai nemi ƙari.

Abin da nake son ba da labarinsa ya faro ne 'yan shekaru kafin rasuwarta. Wata bazara wani manomi na ƙauyen Dabawa da ya daɗe yana kawo mata kalwa bai zo ba. Gwaggo ba ta iya zaman jira, sai ta sa na ɗauke ta a babur muka bi sawunsa. Muka same shi a gona lafiya lau, amma babbar ɗorawar da ke tsakiyar gonar babu ita, sai kututture. Masu gawayi sun saya. Na ɗauka faɗa za ta yi, domin bakinta ba ya ajiye magana. Sai kawai ta dafa kututturen ta tambaye shi wa ya dasa ta.

Ya ce, "Hajiya, ai ba a dasa ɗorawa. Tarar da ita munka yi, ubana ma tarar da ita ya yi."

Muka kama hanyar komawa har muka kusa Kurfi. Can ta taɓa kafaɗata ta ce, "Kai ɗan nan, ashe tukunyata ba bisa murhu take zaune ba, gindin ɗorawa take. Mu duka gado muke ci, ba mai aje ma na baya."

Daga ranar, duk buhun kalwar da aka sauke mata sai ta zaɓi ƙosassu cike da tafin hannu ta ware, ba su shiga tukunya. Ta jiƙa su a ruwan ɗumi, ta binne a fasassun tukwane da tsofaffin kwanoni, ta jera su inda ruwan alwalar gidan ke gangarawa. Da damina ta sauka ta raba wa masu kawo mata kalwa dashen da ya tsiro, kyauta. Kowa ya karɓa da hannu biyu yana godiya. Kafin kaka, awaki sun cinye su tas. Gwaggo ta yi nazari, ta ce laifin ba na awaki ba ne, banza ce ba ta kai zomo kasuwa. Abin da aka ba mutum haka kawai, haka kawai yake riƙe shi.

Shekarar da ta biyo baya sai ta canza salo. Ta ce ita ba ta ba da dashe, aurarwa take yi, domin waɗannan ɗiyanta ne da ta rena. Duk mai so sai ya biya sadaki, sadakin kuwa shingen ƙaya ne, a kewaye ramin tun kafin amarya ta tare. Sannan ya yi alkawarin ba ta ruwa a raninta na fari, ba zai sare mata reshe ba, ba zai kaɗe 'ya'yanta suna ɗanye ba. Itacen nasa ne, kalwar ma tasa ce, ya sayar wa wanda ya ga dama. Abu ɗaya ta roƙa: in ta fara haihuwa, a fara nuna wa gidan iyayenta.

Mijinta, Malam Isa, mai makarantar allo a zauren gidan, ya sha dariya har da hawaye. Ya ce shi dai kada a kira shi ɗaurin auren itace. Amma duk ranar da wani zai tafi da dashe sai ya fito ya sa albarka, ya tuna masa abin da malamai ke karantarwa, cewa wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi, an rubuta masa sadaka. Gwaggo takan ce daga cikin gida, "To Malam, in ba waliyyi kake ba, mi ya fito da kai?"

Zumunta a ƙafa take, tata kuwa a babur ɗina take. Duk hutun makaranta sai mun zaga Dabawa da Kutawa da ƙauyukan bakin dam ɗin Zobe, gaida ɗiya. Ta tafi da ƙullin daddawa a jaka, gida-gida tana ajiyewa. Inda ta ga dashe ya yi kore ta yi ta sa albarka kamar an nuna mata jariri. Inda ta ga shinge ya faɗi, mai gonar ya shiga uku. Na taɓa ganin dattijo mai furfura ya tsuguna yana gyaran ƙaya da hannunsa, tana tsaye a kansa tana cewa, "Haka ake riƙon ɗiyar mutane?" Shi ma dariya yake, amma bai tashi ba sai da ya gama. A kasuwa aka laƙaba mata Tambai mai surukai, kuma ta ji daɗin sunan ƙwarai. Da wata ƙawarta ta ce mata ɗorawa ba ta saurin haihuwa, da wuya ta ga kalwar waɗannan da idonta, sai ta ce, "Wadda nike dafawa yau, ni na dasa ta?"

Ƙawar ta yi gaskiya. Gwaggo ta rasu ɗiyan nata ba su fi tsayin mutum ba.

Yanzu kusan kullum sai ka ji a rediyo ana zancen sauyin yanayi da sana'ar da ba ta cutar da muhalli, ana taruka, ana raba dashe. Abu ne mai kyau, kuma na tabbata da tana nan da ta halarta, ta zauna a layin gaba, ta hana mai jawabi sakat da tambaya. Farkon abin da za ta tambaya na san shi: wa zai koma ya gaida dashen nan baɗi? Da ta ga ɗiyarta ta cikinta, Yaya Rabi, wadda ta gaji tukwanen, tana karɓar oda ta waya daga Kaduna da Abuja, da ta yi guɗa, domin ita ba ta ƙin sabon abu. Ledar da ake ƙulla daddawar ce kawai za ta sa ta yamutsa fuska, ta tambayi cikin akuyar wa za ta ƙare.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa dabararta ta kama. Yawancinmu masu sana'a, da mai gidan burodi da mai gawayi da masunci da mai bulo, muna ɗaukar daji da ruwa kamar rumbun da mai shi ya yi tafiya: ka ɗiba da sauri kafin wani ya riga ka. Ba mugunta ba ce, neman abin kai wa baki ne. Gwaggo ba ta hana kowa ɗiba ba, ita ma ɗiba take. Abin da ta yi shi ne ta nemo dangantakar da Bakatsine ya fi jin kunyarta ta ɗora a kan itace. Mutum zai iya saɓa dokar gandun daji ya kwana lafiya, amma ba zai so surukarsa ta zo ta tarar da ɗiyarta a wulaƙance ba. Wasa ne, kowa ya san wasa ne, sai dai wasan ya sa an yi shinge.

Bayan rasuwarta zagayen ya tsaya. Malam Isa ya bi ta ba da daɗewa ba, wasu hanyoyin kuma suka yi wuyar bi na ɗan lokaci, mu ma kowa ya shiga hidimar gabansa. In zancen ya taso mukan ce Allah ya jiƙan Gwaggo da surukanta, mu yi dariya, a ranmu mun gama ba awaki itatuwan.

Ita kuwa sana'ar ta shiga wani hali. Tsofaffin ɗorawa na ta ƙarewa, manyan 'yan kasuwa kuma na bin ƙauyuka da motoci suna kwashe kalwar tun daga gona. Bara Yaya Rabi ta yi makonni tukwanenta a kife. Wasu suka ba ta shawarar ta koma daddawar waken suya, ta gwada, masu saye suka ce ba ita suka sani ba. Da sallah ta faɗa mini a fili cewa in bazarar bana ta zo kamar ta bara, za ta sallami matan da ke aiki tare da ita ta rufe. A cikinsu akwai waɗanda tun zamanin Gwaggo da taɓaryar gidan nan suke ciyar da marayu. Na dawo Dutsin-Ma ranar zuciyata babu daɗi.

A bazarar nan na je Kurfi gaisuwa da hantsi, muna zaune a tsakar gida aka yi sallama. Na fita na ga tsoho riƙe da sanda, bayansa a-kori-kura ɗauke da buhuna. Sai da ya yi dariya na gane shi: Malam Sule na Kutawa, dattijon nan mai gyaran ƙaya. Ya ce a kira masa magajiyar Hajiya. Da Yaya Rabi ta leƙo zaure suka gaisa, ya gyara tsayuwa ya ce, "Ɗiyar Hajiya ta haihu. Shekarun baya kaɗan-kaɗan take yi, yara na cinyewa, na ji kunyar zuwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Bana ta yi da gaske. Masu mota sun zo har gona, na ce masu ba a kai jikan mutane kasuwa iyayen uwa tai ba su gani ba."

Yaya Rabi ta zauna a ƙasa nan bakin zaure, ta rufe fuska da mayafi. Ni ma, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na share hawaye. Malam Sule ya bar mu muka gama, sannan ya ƙara da cewa ba shi kaɗai ba ne, na Dabawa da na bakin Zobe suna tafe, sun yi shawara ne shi ya fara zuwa ya ga ko gidan na nan. Kalwar sayar da ita ya yi yadda take a kasuwa, kamar yadda Gwaggo ta tsara. Amma ƙwaryar garin ɗorawa da ya riƙo ya ce wannan gaisuwar surukai ce. Kafin azahar an dama kunu da shi, matan gidan suna ta guɗa, an tayar da tukwane daga kife.

Mako na zagayowa na ɗauki Yaya Rabi a babur, a mazaunin uwarta, muka je gani da ido. Ba duka suka rayu ba. Wasu fari ya kashe, wasu an sayar da gonakin an sare. Amma waɗanda suka tsaya sun zama itatuwa sosai, mutum na iya shimfiɗa tabarma a inuwarsu, tsuntsaye na ta hayaniya a sama, yara a ƙasa bakinsu rawaya da gari. A Kutawa Malam Sule ya ja mu bayan gonarsa ya nuna mana wasu ƙananan shingayen ƙaya a gonakin maƙwabta. Ashe shi ma ya fara renon dashe yana aurarwa, sadaki bai canza ba. Ya ce waɗannan jikokin Hajiya ne.

Idan na auna abin da Gwaggo ta bari, zannuwanta an raba, ɗakinta wasu ke ciki, muryarta ma ta fara ɓace mini sai in Yaya Rabi ta yi faɗa. Abin da ya rage shi ne tafin kalwar da ta hana tukunya. Ita ba ta ci ko ƙwaya ɗaya ba, ga shi kalwar ce ta buɗe wa ɗiyarta sana'ar da ta kusa rufewa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Da zan dawo gida na ga an sake jera fasassun tukwane a magangarar ruwan alwala. Na nuna ɗaya mai ganye huɗu na ce a ba ni in kai gonata. Yaya Rabi ta dube ni sama da ƙasa, da idon uwarta sak, ta ce, "Ina shingenka?" Na ce ai ni ɗan gida ne. Ta ce ɗan gida ma sadaki yake biya.

Furfura ta riga ta cika mini gemu, na kuma san lissafin da ƙawar Gwaggo ta yi zai iya hawa kaina. Jiya na yini saran ƙaya, hannuna duk tsaga ne. Jibi in Allah ya kai mu zan je ɗaukar amarya.