Muryar Gajere a Ɗakin Jatau

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara a Talata Mafara ya san rumfar Jatau, can bayan tasha, tsakanin mai faci da mai rake. Dogo ne, ramamme, ba ya son surutu. In kana yi masa bayani ba ya kallon fuskarka, kunnensa na dama yake karkato maka. Yana yaro ya koyi aikin a hannun Oga Philip, wani bakanike da ya zo garin lokacin gina madatsar Bakolori. Da Philip ya tsufa zai koma garinsu, sai ya bar wa Jatau wasu tsofaffin sifikoki biyu na katako, kowace ta kai ƙugun mutum. Ɓeraye sun cinye takardar cikinsu, gara ta taɓa gindin ɗaya.

Shekaru ya kwashe yana jinyarsu. Takardar ya liƙe da ƙaro. Bakin da ya zagwanye kuwa, wani mai ɗaurin kalangu a Bakura ya kankare masa fatar ɗan akuya har ana ganin haske ta cikinta, ya manna. Da wayar hannu ta kashe kasuwar rediyo, lokaci ya yi masa yawa, sai ya koma kan wani ɗakin ƙasa da ke ƙuryar gidansa. Ya toshe tagar da laka, ya jera kwalayen ƙwai a rufi, ya lulluɓe bango da buhunan auduga, ya shimfiɗa tabarmi a kansu, sannan ya girke sifikokin a ciki. In ka shiga aka ja ƙofa, ko carar zakaran gidan ba ka ji. Haɗiyar yawunka kawai kake ji.

"Malam," in ji matarsa Ummulkhairi, "tsaranka na gina shago, kai ka gina kushewa tun da ranka."

"Shigo ki ji mana."

"Allah shi kiyaye. In na mutu a kai ni."

Amma ita ce ta kawo masa baƙuwar. Wata ranar kasuwa da hantsi ta shigo da wata tsohuwa mai suna Nagode, wadda ta gudo daga wani ƙauye bayan Janbako, take kwana a makarantar firamare tare da sauran 'yan gudun hijira. Ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen a kan babura, mijinta Gajere yana gona. Ba ta ga gawarsa ba. Waɗanda suka koma binnewa ne suka ce mata sun sa shi a rami ɗaya da wasu.

Tsohuwar ta kwance bakin zanenta ta fito da kaset. Gajere ne ya ɗauki maganarsa a ciki tun da daɗewa, ya aika wa ɗansu Ishaq lokacin yana ci-rani a Kurmi. Ishaq ya dawo da shi gida, shi ma Allah ya yi masa rasuwa tun kafin wannan fitina.

Jatau ya kwance kaset ɗin, ya ɗaga shi sama cikin haske. Ruwa ya taɓa shi, rana ta dafa shi. Da ya shafa zaren da yatsa, sai wata jar ƙura ta biyo fatarsa.

"Inna," ya ce, "wanga zare ya ruɓe. Abin da ke riƙe da maganar shi ne ke zubewa. In ya bi ta cikin na'ura, kankare shi za ta yi. Sau guda za a ji, daga nan babu."

"Sau gudan nika so, ɗan nan. Ban yi bankwana da shi ba."

Bai kunna shi ranar ba. Kwanaki ya yi yana warware zaren a hankali da tsinke, yana raba inda ya manne. Can wajen tsakiya ya tarar ya dunƙule kamar ƙanzo, ya san da wuya a wuce nan. Bai san nawa ne na maganar ke gaban wurin ba, nawa ke bayansa.

Ranar da ya gama, bayan azahar suka shiga ɗakin. Ummulkhairi ta bi su don kada tsohuwar ta zauna ita kaɗai, tana bismilla a bakin ƙofa. Jatau ya haɗa batir, ya ajiye wayarsa tana ɗauka, ya danna.

Da fari huci ne kawai. Sai kurciya ta yi kuka daga saman kansu, har Ummulkhairi ta ɗaga ido. Sai wani ya gyara murya, kusa, kamar yana zaune a kan tabarmar.

"Salamu alaikum."

Su ukun suka amsa, ba wanda ya yi shawara da wani.

Gajere mutumin ƙauye ne, bai san gaisuwar da ba a amsawa ba. In ya yi tambaya sai ya dakata, ya bar wa mai ji wurin amsa.

"Kun kwana lahiya?"

"Lahiya lau, Malam," in ji Nagode.

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Madalla. Yaya baƙunci?"

"Da godiya," in ji tsohuwar.

"To, madalla. A yi ta haƙuri, zaman garin wasu sai haƙuri."

Idon Jatau na kan zaren, yana ganin jar ƙurar tana taruwa a bakin na'ura. A cikin shirun da Gajere ke bari, sifikokin suna fito da ƙauyen gaba ɗaya: akuya, guga na bugun bakin rijiya, da wata mace tana daka tana korar kaji.

"Waccan ni ce," Nagode ta ce a hankali.

Gajere ya shiga labarin damina, ya ce gero ya yi kyau, saniya ta haihu. Sai wata ƙara ta taso daga nesa, ƙasa-ƙasa, tana matsowa har tabarma ta fara rawa a ƙarƙashinsu. Babur ne. A zamanin da aka ɗauki maganar, babur a ƙauye ba ya wuce na malamin allurar shanu. Amma Nagode ta miƙe tsaye da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba. Matar da tun aurenta ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, ta ƙwala:

"Gajere! Ga su nan! Tashi, Gajere!"

"Dakata kaɗan," in ji muryar, ba ko gaggawa. "Bari baburin ga shi wuce."

Ya yi shiru. Ƙarar ta cika ɗakin. Sai ƙas, zaren ya tsinke.

Jatau ya yi iya yinsa. Ya raba dunƙulen, ya haɗa da jan farce, amma abin da ya rage fari ne fes kamar leda. Ya kunna mata abin da wayar ta ɗauka, ta ture hannunsa.

"Wanga ba shi na ba. Wanga wani na cikin gwangwani."

"Inna, ki gafarce ni. Iyakar abin da ya saura ke nan."

"Mi za ni gafarta? Bai ƙare ba. Jira shikai baburin shi wuce."

Har yanzu Jatau yana buɗe rumfarsa bayan tasha, ko da yake sai a yini ba a kawo rediyo ba. Amma ranar kasuwa yakan rufe da wuri, domin ya san zai tarar da Nagode a tsakar gidansa. Ya sha yin niyyar ya ce mata ta daina zuwa, bakinsa ya kasa. Sai ya buɗe mata ɗakin, ya haɗa batir, ba kaset, ba komai, sifikokin suna huci. Ita ta zauna tana fuskantarsu, hannu a kan gwiwa. Shi kuma ya rakuɓe a bakin ƙofa, kuma ya lura ko tari ya taso masa, danne shi yake yi.