Kabarin Inna a Safiyar Ista

A gidanmu, can wani ƙauye bayan Fulatan, ba a cin shinkafar Ista sai an dawo daga maƙabarta. Mu Kiristocin wurin ba mu fi gida shida ba. Kaburburanmu ba allo, sai tsingaro, shi ma damina da shanu suna sauya masa wuri. Da an fito daga sujada sai mu ɗauki fartanya da tsintsiya, Gwaggo, ƙanwar babanmu, tana gaba. Takan dafa kowane kabari ta ce, "Wane, Almasihu ya tashi, kai ma za ka tashi." Mu ce amin, mu share.

Ita kaɗai ta san wa ke ina. Ko na Inna, mahaifiyata, wadda ta rasu ina makarantar kwana, ita ke nuna mini. Shekara talatin ina kiran sunayen 'ya'yan mutane a rajistar aji, amma ban taɓa zuwa wurin nan da biro ba. Kullum sai baɗi.

Bana Gwaggo ta tsaya a tsakiyar maƙabartar, ta duba gabas, ta duba yamma, ta ce, "Malam, gonar wa aka bari haka ba gyara?"

Na ce, "Gwaggo, ina Inna take?"

"Tana gida mana, tana tuyar waina. Kai dai da son ci!"

Yara suka yi dariya. Muka share duka, ba mu kira sunan kowa ba. Na zaɓi wani kabari a gindin kuka na durƙusa, don kada 'ya'yana su gane ban sani ba.