Gwajin Sabo a Layin Aziziyya

Shekara goma sha tara Sabo ya yi yana jan bas daga unguwar Aziziyya zuwa Harami a Makka. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya doguwar magana sai an taɓo zancen hanya, nan kam sai ka nemi wurin zama. Shi ya koya wa Hadi tuƙin babbar mota lokacin da Hadin ya zo daga Zariya bai san gabas ba bai san yamma ba. Ɗaki ɗaya suke kwana a unguwar Rusaifa.

Sai aka sa layin a munaƙasa, wato kamfanoni su kawo tayi, wanda nasa ya fi sauƙi ya ɗauka. Kamfaninsu ya faɗi. Iƙamar direba kuwa, wato takardar izinin zamansa, a wuyan kamfani take rataye: wanda sabon kamfanin ya ɗauka ya ci gaba da zaman Makka, wanda aka bari ya haɗa kayansa. Aka ce za a gwada kowa a kan hanya. Sabo har da dariya, wai shi za a gwada.

Ranar gwajin, wani matashin mudir mai suna Hatim, manaja a sabon kamfanin, ya zauna a bayansa. A gaban sitiyari an kafa allo mai nuna layin da za a bi. Suna kusa da bakin ramin da titi ya ratsa ta cikin dutse suka tarar da cunkoso, mota ko motsi ba ta yi. Sabo bai ko kalli allon ba. Ya karya kan bas ya shiga wani lungu ta bayan gidan burodi, ya tsaya ya ɗauki wani tsoho da ya ɗaga sanda a inda babu tasha, ya ɓullo gaban cunkoson kamar wasa. Da suka isa ya juyo yana jiran yabo.

Hatim ya ce masa da Larabci, cikin ladabi, "Baffa, ka iya mota. Amma yarjejeniyarmu ta ce bas ba ta barin layi, ba ta tsayawa sai a tasha. Duk kaucewa, mu ake kamawa."

Hadi kuwa minti arba'in ya yi a cikin cunkoson nan, ido a kan allo, bai kauce ko taku ɗaya ba. Shi aka ɗauka.

Tun daga ranar Sabo ya kasa kallon farar rigar aikin da Hadi ke ratayewa a ƙusa. Ya san hassada ce, sunanta ke nan. Yakan yi istigfari, ta lafa, da ya ji Hadi yana goge takalmi sai ta taso sabuwa. Mutumin da ko kwana bai iya sha ba sai da aka riƙe masa sitiyari.

"Yaya Sabo, na je na roƙi mudir a kanka," in ji Hadi wata rana suna shan shayi. "Ya ce halas, magana ta ƙare, an rufe sunaye."

"Wa ya aike ka?"

Roƙon nan ya fi faɗuwar yi masa ciwo.

Ranar da zai yi ɗawafin ban kwana, ya tsaya a tasha kamar kowa, sai ga bas ɗin Hadi. Ya wuce can baya ya zauna, idonsa a kan hannun Hadi, yana fatan kuskure ɗaya tak, ko birki mai ƙarfi ne. Babu. Motar tafiya take sumul.

Wata hajiya 'yar Umara da ke gefensa ta ga yadda yake ta leƙen gaba. Ta ce, "Kwantar da hankalinka, malam, direban nan ya san hanya. Kai ma baƙo ne ko?"

Sabo ya ɗauke idonsa daga hannun Hadi.

"Baƙo ne, Hajiya."