Gwaggo Lume, Wadda Ta Raka Ni Gida

Ƙarfe bakwai na safe Gwaggo Lume, ungozomar ƙauyenmu, take buɗe ɗakin shan magani. Ta hura murhu, ta wanke hannu, sannan ta leƙa ta ga wa ke kan benci. Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ban iya magana cikin taro ba, shi ya sa na rubuta.

Matar mai burodi ta ce cikin dusar ƙanƙara Gwaggo ta hau dutse da ƙafa ta karɓi haihuwarta. Nawa labarin ƙarami ne.

Likita a birnin Berat ya ce ina da ƙananan ƙari a ma'ajiyar ƙwan haihuwa, ya ba ni ƙwayoyi na wata shida. Da na gama, al'ada ta ƙi zuwa har wata biyu. Surukata Hajrije ta kifa kofin da na sha gahawa, ta yi duba da ragowar kamar yadda ta saba, ta ce ta ga gadon jariri. Kafin yamma ta raba wa maƙwabta alewar albishir.

Gwaggo ta yi mini gwaji. Babu ciki. Ta ce jinkiri yakan biyo bayan daina ƙwayoyin, balle ga mai ciwona, amma likita ya kamata ya sake duba ni. Na ce, "Gwaggo, ba zan iya faɗa musu ba." Ta ɗauki jakarta, muka tafi gidanmu tare.

"Hajrije, ɗora gahawa, amma kar ki kifa mini kofi."

"Ke dai Lume, ba kya yarda da komai."

"Ba kofin nan ne ya ce mijinki zai daina taba ba? Shekara ashirin ke nan. Yarinyar nan ba ta da ciki, kuma ba laifinta ba ne. Ranar Litinin ɗanki ya kai ta Berat."

Surukata ta ce, "To, maƙwabta fa?"

"Ke kika raba alewa, ke za ki yi bayani."

Ita kuwa ta yi. Ba wanda ya tare ni da tambaya. Likita ya ba ni magani na kwana goma, al'ada ta dawo. Har yanzu ban samu ciki ba, amma ina zama cin abinci da su ba tare da sunkuyar da kai ba.

Gwaggo Lume, ke ce kika faɗi abin da ya gagari bakina. Na gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Wadda za ta gaje ki kuma, in ta ga mace ta karɓi amsa ta kasa tashi daga benci, ta ɗauki jaka ta raka ta.