Gaisuwar da Ban Gane Ba

Ina tsaye a bakin gadar Wudil ina jiran mota, sai ga kiran Hajiya Binta, matar malamina. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Nura, Malam ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Hamisu ne ya koyar da mu adabi a jami'a, kuma shi kaɗai ne yake shigo mana da katun cikin aji. Abokan aikinsa suna yi masa tsiya, wai dattijo da furfura ya ƙare a kallon yara. Ko a jikinsa. Sai ya tsayar da fim, ya nuna mana kyanwa da hula a karkace, ya ce daga wani tsohon fim aka ɗauko karkacewar nan, kuma da gangan. Sunan da ya sa wa abin shi ne gaisuwa. "Ba sata ba ce," in ji shi, "jika ne ya zo wucewa ta ƙofar kakansa ya durƙusa." Yakan kuma ce wanda bai san dangin fim ba, rabin dariyar kawai zai yi.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya tafi. Mutumin da in ya fara magana sai an yi da gaske yake tsayawa, ga shi kwance a ɗaki ɗaya, daga bango sai talabijin. In jikokinsa suna kallon katun a gefensa, sai ya riƙa bugun katifa da hannun hagu. Hajiya ta ɗauka kiɗan ne ba ya so, gara a sa masa karatu. Da ya buga sai a kashe. Ya bi su da ido, hawaye na zuba, su ce jiki ne.

Ranar da na je dubiya ya buga, na ce a dakata. Na duba da kyau, na ce, "Malam, gaisuwa ce?" Na faɗi sunan fim ɗin da aka gaisar. Ya lumshe ido, alamar na canka. Hajiya ta zauna a ƙasa ta ce, "Ashe magana yake yi muna kashe masa."

Daga nan duk Juma'a ina wurinsa. A zuwana na ƙarshe ya buga, na kawo duk sunan da na sani, bai lumshe ido ba. Ya yi ta bugawa har hannun ya gaji. Na ce, "Malam, zan bincika in dawo."

Na maimaita kallon wurin nan na katun ɗin har na haddace shi, wallahi ban ga komai ba. Abin yana cina, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Allah ya jiƙan Malam, ya gafarta masa. Allah ya ba Hajiya da yara haƙurin rashinsa. Allah ya yalwata masa kabarinsa fiye da ɗakin nan, ya sakar masa harshe lokacin tambaya. Amin.