Malam Garba da hoton ƙashin cinyarsa

Ina kan hanyar zuwa aiki da safen nan aka kira ni, aka ce Malam Garba ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da na sa mai babur ya tsaya.

Shi ya koya mana anatomi, wato ilimin sassan jiki, a makarantar kiwon lafiya. Ƙwarangwal ɗin roba da muke da shi ba hannu ɗaya, don haka duk Alhamis Malam sai ya bi mahautan kasuwar Maigatari ya tsinto ƙasusuwan awaki. Hajiya, matarsa, ita ke dafe su ta shanya. Har yau tana cewa ya lalata mata tukunya.

Da su muka gane scapula allon kafaɗa ne, patella kuma ƙoƙon gwiwa. In ka yi masa Turanci zalla, sai ya kalle ka ta saman gilashi ya ce, "To Bature, yanzu faɗa wa kakarka."

Ni da ba na cin tuwo sai da surutu, a ajinsa na koyi yin shiru. Ranar jarrabawa kuwa dabino yake raba mana, wai kada yunwa ta kayar masa da ɗalibai.

Watan jiya na je duba shi a asibiti a Gumel, bayan ya karye a cinya. Ba faɗuwa ya yi ba, tashi kawai ya yi daga tabarma.

Na tarar Hajiya tana haɗa kaya. Za ta Damagaram bikin 'yar ƙanwarta, ta ce kafin ta dawo ƙashin ya kama.

Da ta fita ɗebo ruwa, Malam ya miƙo mini hoton ƙashin. "Rabi, me kika gani?"

Na ɗaga shi wajen taga. Femur ɗin, wato ƙashin cinyar, duk ramuka, kamar gara ta ci itace, har zuwa ƙugu. Ciwon daji ne ya cinye shi. Na sauke hoton.

Ya ce, "Likita ya yi mata bayani da Turanci, ta ce to. Ni kuma na gwada, bakina ya ƙi. Ki taimake ni, 'yata. Kada ta tafi."

Na same ta a baranda. Na ce, "Hajiya, wannan ba karayar da ake ɗorawa ba ce. Ciwo ne ya shiga ƙashin ya rarake shi daga ciki, kuma ya yi nisa."

Ta kalle ni. Sannan ta ce, "Shi ya aiko ki ko?"

Na ce e.

Ta koma ciki ta kwance ɗaurin kayanta, ta zauna a gefen gadon. Ban taɓa yin aikin da ya yi mini nauyi kamar wannan ba, kuma ban taɓa son Malam kamar ranar ba.

Ɗazu da na isa gidan, ta riƙe hannuna ta ce, "Rabi, ni na yi masa kalmar shahada, ya amsa. Da ina Damagaram fa?"

Ya Allah ka gafarta wa Malam, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ciwon nan ya zama kaffara. Ka ba Hajiya juriya.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya sa shi a addu'a. Ita ma kada ku manta da ita.